Neman shawara: mene ne "bodement", kuma in sa shi a aikina?

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen Turanci, wannan zangon wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare muke yi. A kashi na 4, fitowa ta 1, bayan wasu matsafa mata uku sun nuna wa Macbeth, jarumin wasan, wasu siffofi da suka yi masa duba, sai ya ce "Sweet bodements". Na duba ƙamus ɗin wayata, ya ce tsohuwar kalma ce mai nufin jin cewa wani mugun abu na tafe. Abin da ya ɗaure min kai, in mugun abu ne, me ya kawo "sweet", wato zaƙi, a ciki? Akwai faɗuwar gaba mai daɗi ne? Na biyu, Litinin zan miƙa aikin gida, ina so in jefa kalmar a ciki ko malam zai ga na yi karatu. Ku ba ni shawara.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam 'yata. Ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba, rabin magana dai ya faɗa miki. Tushen kalmar shi ne "bode", daga "bodian" na tsohon Turancin Ingila, wato sanarwa ko shela, kuma "boda" a wancan zamanin manzo ne, ɗan aike. Kin ga ke nan asalinta labari ne da ya zo wa mutum daga waje, ba abin da ke cikin zuciyarsa ba. Ɗan aike kuwa yana kawo albishir, yana kawo sanarwar rasuwa. Haka "bodement" take: ishara ce ta abin da zai faru, ko mai kyau ko mara kyau.

Yanzu koma wurin da kika tsinto ta. An ce wa Macbeth ba mai cin galaba a kansa sai ranar da dajin Birnam ya taso ya nufo tudun Dunsinane. Shi kuma ya ce wa ke iya tuge itace daga saiwarsa ya sa shi tafiya? Sai ya ji daɗi, ya ɗauka albishir aka yi masa. A kashi na 5 sojojin Malcolm, ɗan sarkin da Macbeth ya kashe, suka sari rassan dajin nan, kowa ya riƙe nasa a gabansa don kada a gane yawansu, suka nufo tudun. Daji ya taso. Mutumin yana murna da sanarwar ajalinsa bai sani ba, zaƙin da kike tambaya ke nan.

Ɗan Kurmi: Malam ya gama magana. Ni dai a Hausa zan ce "jikina ya ba ni", shi ke nan.

Maman Ummi: A'a ƙanena, nan ne ba mu shirya ba. "Jikina ya ba ni" abu ne na cikin jiki, ba wanda ya faɗa maka komai. Kamar uwa ta tashi da asuba ta ce wa ɗanta kada ya yi tafiyar nan yau, ka tambaye ta dalili ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Wannan shi ne "foreboding", wadda har yau Turawa ke faɗa. Romeo ma, a wasan Romeo and Juliet, da zai shiga walimar gidan Capulet, wato gidan su Juliet, irinsa ya ji, ya ce "my mind misgives". Amma Macbeth ba jikinsa ne ya ba shi ba, duba aka yi masa. Ni da zan fassara layin, cewa zan yi: "Kai, madalla da wannan bushara!"

Tsohon Malami: Hajiya ta kama bakin zaren. Ƙari ɗaya: kalmar ta sake fitowa a Troilus and Cressida, wani wasan Shakespeare, inda Cassandra ke roƙon wanta Hector kada ya fita yaƙi ranar. Ɗan'uwansu Troilus ya ce ai yarinyar nan mai mafarkai da camfe-camfe ce ke ƙirƙiro waɗannan "bodements". A can muguwar ishara ce, kuma Hector ya fita bai dawo ba. Marubuci ɗaya, kalma ɗaya, nan daɗi can ɗaci.

Yaya Babba: Ni tambaya ta biyu zan amsa, don ta taɓa ƙona ni. Ina aji ɗaya na samu wani tsohon ƙamus a ɗakin babanmu, bangonsa duk gara ta ci, na riƙa kwaso kalmomi ina zubawa a insha'i kamar mai barbaɗa yaji. Takardata ta dawo da jan biro zagaye da guda shida, a gefe malam ya rubuta yana tambaya ko a ƙarni na 17 aka haife ni. Ya kuma karanta wa aji. Har muka gama sunana Kakan Bature.

Don haka ƙanwata, in kina nazarin layin Macbeth ne, kawo kalmar cikin alamar zance ki yi bayaninta, wannan shi ne aikin. Amma kada ki gina jimlarki da ita. In faɗuwar gaba kike nufi, sa "foreboding". In alama ce, "omen" ta wadatar. Ita "bode" ɗin tana nan da ranta, za ki ji ta a labaran BBC, a ce abu kaza "does not bode well", wato alamunsa ba su da kyau.

Ɗan Kurmi: To na janye. Amma Yaya, Kakan Bature fa ya zauna, daga yau haka zan sa a wayata.

Ɗalibar Adabi: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na goge ta daga gabatarwa, na mayar da ita sakin layi na uku tare da maganar rassan Birnam. Baba Malam, in na kwafi bayanin ɗan aiken nan, sunan wa zan rubuta a ƙasa?

Tsohon Malami: Kada ki rubuta nawa, ba a kafa hujja da ɗan fansho. Ki shiga laburare ki buɗe babban ƙamus na Oxford a ƙarƙashin "bode", ki kwafo lambar shafin.