Harsashin hannu ko na kamfani: wanne ya fi samun saiti?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na kwana kallon gasar harbin nesa ta Amurka, irin wadda ake ɗora bindiga a kan teburi. Kusan babu mai sayen harsashi a kwali a cikinsu. Kowa shi ke ɗura nasa, yana auna albarushi a sikeli kamar mai sayar da zinare. Ni dai na gamsu: harsashin hannu ya fi na kamfani, kuma shi ne sirrin harbin nesa. Mai ja ya fito.

Saje mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito. Ƙanena, daga kallon dare ɗaya har ka zama gwani? Duk zamana a soja, har kwas ɗin da na yi a Jaji, ban taɓa ganin wanda ya zauna yana auna albarushi ba. Akwati ake fasawa a raba, kuma ana samun abin da aka saita.

Injiniya: Yallaɓai, a mita nawa?

Saje mai ritaya: 100, 200, wani lokaci 300.

Injiniya: To ai nan gizo ke saƙar. A mita 300 ko harsashi ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa ba za ka lura ba. Ni maganar mita 1,000 nake yi. Harsashi yana barin bakin bindiga da gudun wajen mita 800 a daƙiƙa, amma kafin ya kai can ya haura daƙiƙa ɗaya a iska, kuma tun fitarsa yake faɗuwa. Wanda ya ɗan fi sanyin gudu zai fi daɗewa a hanya, sai ya sauka ƙasa da inda na farko ya sauka. Shi ya sa suke awon albarushi da giren, wani ɗan ƙaramin ma'auni wanda bai cika kashi ɗaya cikin 15 na giram ba. Ga shi kowace bindiga da irin karkarwar da bututunta ke yi in an harba, mai ɗuri da hannu yana ta gwaji har ya gano wanda tasa ke so. Ɗinkin telan da ya gwada ka ai ba ɗaya yake da rigar kanti ba.

Saje mai ritaya: Na ji telanka. To a 2009 wani sojan Ingila, Craig Harrison, ya yi harbi a Afganistan daga mita 2,475 ya samu. Da harsashin kamfani, wanda rundunarsa ta ba shi. Wane tela ne ya gwada shi?

Injiniya: Ai wannan harsashi ne na musamman, ba na akwatin da kuke fasawa ba.

Saje mai ritaya: Amma inji ne ya yi shi ko hannu? Amsa nake jira.

Malamar Kimiyya: Ku bari in shiga, don naku ya fara zama musun 'yan ƙwallo. Baba Saje, shi Harrison ɗin da bakinsa ya ce ranar babu iska, gari kuma garau. Wannan ne abin da ku biyun kuka tsallake. A Bisley ta Ingila akwai gasar Kyautar Sarki, wadda aka faro tun 1860, zagayen ƙarshe ana harbi daga yadi 900 da 1,000. Harsashi iri ɗaya ake raba wa kowa, duk da haka wani ya ci, wani ya koma gida da haushi. Bambancin a karatun iska yake. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ko hula ba za ta cire maka ba, tana iya kautar da harsashi fiye da mita biyu a wannan nisa. Injiniya, kai kana faɗa a kan tazarar tafin hannu, iska tana kwashe maka tsawon ƙofa. Ka kwatanta da iskar hunturun nan tamu, da hazon da ko tsallaken Kogin Kaduna ba ka gani sosai.

Injiniya: Malama, na yarda da iska. Amma in an tara mutum 20 duk gwanayen iska, me zai raba su? Dole a koma kan harsashi.

Malamar Kimiyya: A nan kam kana da gaskiya, shi ya sa 'yan teburin naka ke wahalar da kansu. Sai dai abin da suke nema shi ne kowane harsashi ya zama tagwayen ɗan'uwansa, ba albarkar hannu ba. Dubi masu harbin mita 50 a gasar Olamfik. Ƙaramin harsashinsu ba a sake ɗura kwansonsa, sai su kai bindigarsu wurin gwajin kamfani, a jarraba rukuni-rukuni, wanda ya fi dacewa da ita su saye shi da yawa. Ka ga an gwada su, kuma inji ne ya ɗinka.

Baba Mafarauci (jikansa ke rubuta masa): Ku yara kuna ba ni dariya. Ɗurin hannu da kuke yi wa kallon abin Turawa, mu da shi muka tashi. Adaka ai ta baki ake ɗura ta, ko 'yan bindigar Hawan Sallah a Zazzau haka suke yi, su dai ƙara suke nema. Ni kuwa ban taɓa ɗuri biyu sun zama ɗaya ba. Da damina albarushi ya sha sanyi, ka ja kunama ta ce ƙyas, gada ta ɗago kai ta dube ka ta yi gaba, sai bayan ka fara sauke bindigar ta tashi. Akwai abokin farautata, Allah ya jiƙansa, ya ga wani gadu ya ƙi faɗuwa, washegari ya ƙara awo don haushi. Bututun ya tsage kamar rake. Har ya rasu da yatsu uku yake cin tuwo. Mu maganin nisa shi ne rarrafe. In ban kai taku 30 ba, ba na harbi.

Saje mai ritaya: Allah ya jiƙansa Baba. Injiniya, ka ji hannu.

Injiniya: Amin. Amma Baba da tafin hannu yake awo, su da sikeli. Kada a haɗa.

Auta: To ina ake samun irin sikelin nan a Kasuwar Barci?

Barista: Auta, goge wannan tambayar. A Amurka doka ta bar mutum ya ɗura harsashinsa a gida, mu tamu ba haka take ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi sai a wuraren da gwamnati ta amince, riƙe harsashin ma sai da lasisi. Aikin DICON ne, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, ga ta nan a Kakuri tun 1964. Ko adakar Baba tana da nata izinin daga 'yan sanda. A halin da jihar nan ke ciki, a kama ka da buhun kwanso da albarushi ka ce gasar Amurka kake koyi, ni dai kada a kira ni da tsakar dare.

Auta: Wasa nake Barista, ko kaza ban taɓa yankawa ba.

Injiniya: To na rage kuɗin maganata. Ba shi kaɗai ne sirrin ba. Amma in bindiga ɗaya ce, maharbi ɗaya, rana ɗaya, har gobe ina kan bakana: na hannun gwani zai fi taruwa wuri guda.

Malamar Kimiyya: Ya danganta da wane kwalin ka ɗauko ka gwada da shi.

Saje mai ritaya: A bar dogon Turanci. Injiniya, ranar Asabar bayan La'asar ka same ni a Kawo da danƙon harbin tsuntsu. Mu kafa gwangwanin madara a taku 20. Kai ka zaɓi duwatsunka ɗaya bayan ɗaya, ni in tsinci na bakin hanya. Wanda ya faɗi ya sayi tsire.

Injiniya: Na amsa. Da sikelin uwargida na kicin zan zo.

Baba Mafarauci: Ku matso da gwangwanin taku 10, kada ku fasa wa mutane gilashin mota.