Na ɗauki awa 19 da tsohon makaɗin kokowa, ɗansa ya ce kar in fitar. Ina neman shawara

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi mini haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekarata 27. Na gama lisans a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, aiki bai samu ba, sai kawuna ya zaunar da ni shagonsa na atamfa a babbar kasuwa. Asabar da Lahadi ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Amma abin da raina ke so tun ina lise shi ne dokimanter a kan makaɗa da mawaƙa da 'yan cali-cali, in mayar da shi sana'ata.

Ga asalin abin. Kakata ce ta rene ni. Tana da kaset ɗaya na wani makaɗin 'yan kokowa, kullum bayan isha'i sai ta sa shi a rediyonta mai batir, tana gyaran gyaɗa tana amshi. In zaren kaset ɗin ya tsinke ni ke liƙa mata da jan farce. Bayan rasuwarta na neme shi na rasa. Bara, ana saura kwana kaɗan ƙaramar salla, wani tsoho ya shigo shago neman yadi uku na jikarsa. Yana buɗe baki ya tambayi kuɗi sai jikina ya yi sanyi, don muryar ce. Na tambaye shi, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce shi ne, amma ya aje ganga tun dawowarsa daga Makka, shekara 20 da wani abu.

Wata takwas ina zuwa ƙauyensu ta wajen Tibiri duk Juma'a da yamma ina ɗaukarsa a kyamara, har na tara awa 19. Ya ba ni labarin zamanin da Kantu ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, da yadda yake tsara wa ɗan kokowa waƙa: sai ya kwana biyu yana kallon tafiyarsa da yadda yake kama ƙasa kafin ya sa masa kirari. Cikin 'yan amshinsa shida, biyu suka rage. Wata rana ya sa aka ciro gangar daga rumbu, fatar ta yage, sai ya kife ƙwarya yana bugawa yana waƙa, su biyun suna amsawa. Na yi kuka a bayan kyamara.

Yanzu babban ɗansa ya dawo daga Libiya. Ya ce ubansa ya tuba, ba wanda zai nuna shi duniya yana kiɗa. Ga kawuna kuma ya ce in zaɓa, shago ko kyamara, don yana son ba ni sabon shago a Ɗan Isa. Ni kuwa ina tunanin IFTIC, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa a Yamai. In ci gaba da fim ɗin? In tafi karatu? Akwai wanda ke cin abinci da wannan aiki a ƙasar nan?

Maman Ikilima:
Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa maka mafi alheri ɗana. Amma shi tsohon me ya ce da bakinsa bayan dawowar ɗan? Ba ka faɗa ba.

Tsohon Mai Kyamara:
Ƙanena, saurara da kyau, na yi shekara 22 cikin aikin nan a Yamai. Kafin maganar ɗa ko kawu: awa 19 ɗin nan suna ina? In diski ɗaya ne, ba ka da fim, kana da abin da zafin Afrilu ko ɗaukewar wuta ɗaya za ta cinye. Yau ɗin nan ka sayi diski na biyu ka kwafe, ka kai shi wani gida daban.

Na biyu, da me ka ɗauki sauti? In da makirfon kan kyamara ka ɗauki bugun ƙwarya da muryar tsoho tare, bugun ya danne muryar. Fim a kan makaɗi kunne ake yi wa kafin ido. Hoto mai duhu ana haƙuri da shi, sauti mai ƙara ba mai zama minti biyar.

Na uku, takarda. Ya sa maka hannu ko ɗan yatsa? Izinin nuna fuskarsa daban, haƙƙin waƙoƙinsa daban, shi ya sa aka kafa BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha na Nijar. Ba bikin fina-finai ko talabijin ɗin waje da za su karɓi fim ɗinka ba takardar nan. Su biyun 'yan amshin ma kowa da tasa.

Karatu kuwa ka tafi, babu tantama. Hanyar da na gabanka suka bi ita ce: IFTIC, daga nan mastar ta dokimanter a Jami'ar Gaston Berje ta San Luwi a Senegal. Aisha Maki 'yar Damagaram ta nan ta bi. Sani Magori ɗan Galmi shi ma San Luwi ya yi, kuma Kukan Kurciya da ya fitar a 2010 kusan irin naka ne: tsohuwar zabiya ya ɗauka har Abijan don ta yi waƙar da za ta dawo da ubansa gida. Ka lura, ba tarihin zabiya ya jera ba, akwai abin da ake nema tun farkon fim har ƙarshe. Kai me ake nema a naka? Awa 19 na hira ba labari ba ne tukuna.

Ɗan Bagalam:
Na gode Yaya. Sautin ba shi da matsala, na saurara da abin kunne, ana ji sosai. Maganar takarda kuma ba ku san tsohon nan ba. Ya ɗauke ni kamar jikansa, da hannunsa yake dama mini fura. In fito da takarda in ce ya dangwala, ai kamar na ce ban yarda da shi ba ne.

Abban Sabon Gari:
Ni dai gaskiya ɗan yana da hujja. Bawan Allah ya bar abu don Allah shekara 20, tsufa ya zo, ka je ka tayar masa da tsohon miki. Gobe in ya rasu, abin da za a riƙa yawo da shi a wayoyi shi ne yana kiɗa. Wa zai so wa mahaifinsa haka? Ka karɓi shagon kawunka. Mutane nawa ke neman wanda zai ba su jari a garin nan ba su samu ba?

Zabiyar Gulbi:
Malam Abba, da girmanka, tsohon ba yaro ba ne. Shi ya ce a ciro ganga, ba wanda ya tilasta shi. Kuma da kuɗin kiɗan nan aka ciyar da ɗan har ya girma ya san hanyar Libiya.

Amma ku ma masu kyamara ba ku da gaskiya. Ni waƙar biki nake yi shekara 15. Sau uku ana zuwa ɗaukata, a ce za a nuna al'ada. Na ƙarshe kwana huɗu suka yi gidana, na bar bukukuwa biyu saboda su, na dafa musu abinci. Da za su tafi jika 10 suka miƙo mini. Bayan shekara wata 'yar uwata da ke Beljik ta aiko mini da hotona a jikin allon talla. Ko kwafi ɗaya ba su aiko ba har yau. Mahaifiyata ma haka wani bature ya naɗi muryarta kaset-kaset ya tafi, yau in ina son jin muryar uwata ba ni da inda zan je. To kai Ɗan Bagalam, nawa ka ba tsohon nan cikin wata takwas?

Ɗan Bagalam:
Hajiya ni ba irin waɗannan ba ne. Duk zuwa ina kai masa goro da sukari, na saya masa magani sau biyu. Ban samu ko dala a kan aikin nan ba, man babur ma daga aljihuna ne.

Zabiyar Gulbi:
Su ma haka suka ce mini ɗana.

Sani Montaj:
Ku bar wahalar da yaro da maganar Senegal. Shekara nawa zai yi, wa zai biya? Ka yanka awa 19 ɗin gutu-gutu minti takwas-takwas ka zuba a YouTube da TikTok. YouTube na neman mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara kafin a fara biya, kuma masu son kokowa daga nan har Sakkwato da Agadas ba su ƙirguwa. Ko ka tsallaka Kano ka koyi aiki a hannu, nan da Jibiya ai ba nisa.

Ni abin da ke ci mini rai ma masu biki ne. Ka kwana uku kana montaj, a zo karɓa a ce sauran kuɗi sai bayan an kai amarya. Akwai wanda ya riƙe mini jika 35 tun kafin azumi, in mun haɗu a masallaci sai ya sauya sahu.

Mai Hoto na Ali Ɗan Sofo:
Wallahi Sani kamar ka shiga zuciyata. Ni yanzu sai an biya rabi nake fita daga gida. Kuma yara masu waya sun karya farashi, jika 5 ma sai su ɗauki suna.

Tsohon Mai Kyamara:
Sani, shawararka ita ce za ta kashe fim ɗin ta kuma kai yaron nan gaban mai gari. Manyan bukukuwan fina-finai suna son abin da ba a taɓa nunawa ba, in ya watsa a intanet ya rufe wa kansa ƙofa. Sannan waƙar kokowa cike take da zambo. Wanda aka ce an kayar da shi ya gudu ya bar layunsa, jikokinsa na nan da rai a ƙauyen da ke kusa. Minti ɗaya a TikTok ya isa ya haɗa gida biyu faɗa.

Tambayarka ta ko ana cin abinci da aikin: ana ci, amma ba daga fim ɗin ba. Duk wanda na sani yana rayuwa ne da bidiyon ƙungiyoyin agaji, tallace-tallace, koyarwa, ko riƙe wa wani kyamara. Fim ɗinka na zuciya kana yinsa shekara uku ko huɗu a gefe. Kuɗinsa kuma da rubutu ake nemo su, dosiye da Faransanci ko Ingilishi: taƙaitaccen labari, dalilin da ya sa kai ne za ka yi shi, kasafi, da ɗan yanki na minti biyar. Hanyoyin sun ragu tun 2023, kuma a 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar Farankofoni ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. Saura irin asusun IDFA Bertha na Holan mai tallafa wa dokimanter, da Ouaga Film Lab a Wagadugu inda ake gyara wa matasa dosiye. Ƙasar da Umaru Ganda ya ciyo mata babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, yau yawancin gidajen sinimarta sun rufe. Ni da kaina na kai wa wata tasha fim ɗin da na yi shekara biyu ina yi, aka ce ni zan biya kuɗin nunawa.

Kuma ka ji abin da ba ka so: ɗan nan shi ne fim ɗinka. Uba da ya aje ganga, ɗa da ke tsaron tubarsa, ganga a rumbu. Je ka zauna da shi ba kyamara, ka saurare shi har ya gama.

Ɗan Bagalam:
Yaya ba zan sa shi cikin fim ɗina ba. Mutumin da ya yi shekara tara bai aiko wa ubansa ko kwanon hatsi ba, yau shi ne mai kishinsa? A gaban mutane ya kira ni maroƙi. Fim ɗin na Baba ne da waƙoƙinsa, haka na tsara shi tun farko. Kuma YouTube ban ce zan sa ba, ban kuma ce ba zan sa ba.

Abban Sabon Gari:
Ko shekara 30 ya yi, ɗansa ne. Kai baƙo ne a gidan.

Maman Ikilima:
Ɗana har yanzu ba ka amsa mini ba. Ka koma wajen tsohon tun da ɗan ya yi magana? Kuma kawun naka ya san da zancen IFTIC, ko mu kaɗai ka faɗa wa? Kar ka saki na hannu. Ɗan Isa ba nisa, kana iya riƙe shago ka riƙa zuwa ƙauyen ran Juma'a kamar da.

Ɗan Bagalam:
Mama in na karɓi shagon nan na san kaina, shi ke nan an gama. Duk abokaina da suka ce za su haɗa biyu, yau kyamarorinsu na cikin akwati. Kawu ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ban koma ƙauyen ba tukuna, amma jiya ɗaya daga 'yan amshin ya kira ni ya ce Baba na tambayata, wai akwai waƙar da ya tuna wadda bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce ƙafafunsa sun kumbura. Jibi Juma'a ina ganin zan je da kyamara.

Zabiyar Gulbi:
In za ka je ka tafi da kuɗi a ambulan, ba goro ba. Kuma ka kai masa abin da ka ɗauka ya gani da idonsa.

Sani Montaj:
In ka dawo kawo mini diskin in duba, zan yi maka rangwame.

Tsohon Mai Kyamara:
Kar ka ba kowa diskin nan sai ka kwafe. Sau biyu ke nan ina faɗa, ka kwafe ko ba ka kwafe ba?