Mahaifina kullum "da sauƙi" yake cewa: yaya zan auna hakinsa idan yana tattaki?

Abu Safiyya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa jinyar mai ciwon huhu. Mahaifina yana da shekara 67. Ya yi tarin tibi a shekarun baya, ya sha magani na wata shida aka ce ya warke, amma tun daga lokacin numfashinsa bai koma daidai ba, kuma likita ya ce huhun ya yi tabo. An tura mu sashen gashin ƙashi, inda aka ce ya riƙa tattaki kullum, aka kuma ba mu takarda mai lambobi daga 0 zuwa 10 domin ya riƙa nuna yawan hakin da yake ji.

Damuwata ita ce duk lokacin da na tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Idan na matsa sai ya nuna 1, alhali ina ganin kafaɗunsa suna sama suna ƙasa, maganar ma a gutsure take fita. Na sayi na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini, tana nuna 94 ko 95 cikin ɗari. To, da wanne zan yi aiki: da bakinsa, da na'urar, ko da abin da idona ya gani?

Malam Bello, mai gashin ƙashi:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. Takardar da aka ba ku ita ce ma'aunin Borg, wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara, kuma wannan mai 0 zuwa 10 ya fito ne a 1982. A cikinsa 0 na nufin babu haki ko kaɗan, 2 haki ne ɗan kaɗan, 3 matsakaici, 5 mai tsanani, 7 mai tsanani ƙwarai, 10 kuma iyakar abin da mutum zai iya ɗauka. Har yau babu na'urar da ke auna haki, domin haki abu ne da mutum yake ji a jikinsa kamar zafin ciwo, shi ya sa dole a koma ga bakin mai shi.

Inda ake yawan kuskure shi ne a miƙa wa majinyaci takardar ba tare da an kafa masa iyakokinta biyu ba. Kafin ya tashi, ka ce masa: "Baba, lokacin da ba ka jin haki ko kaɗan, shi ne sifiri, ranar da numfashi ya fi sarƙe maka a rayuwa, ita ce goma." Daga nan tambayar ta daina zama "yaya jiki", wadda kowane Bahaushe ya san amsarta tun kafin a gama yin ta, ta koma "tsakanin can da can, ina kake yanzu?" Ka kuma gaya masa a fili cewa abin da ake nema a tattakin shi ne ya kai 3 ko 4, wato ya yi haki amma yana iya ci gaba. Dattawa da yawa suna zaton lamba ƙarama ce ake so, ko kuma suna tsoron a hana su fita idan suka faɗi gaskiya. Da zarar ya gane cewa 1 na nufin tattakin bai isa ba, za ka ga amsar ta sake.

Abu na biyu, lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da aikin da aka yi. A asibiti muna yin gwajin tafiyar minti 6: a auna fili mai tsawon mita 30, majinyaci ya yi ta kai da kawowa gwargwadon ƙarfinsa, yana da damar tsayawa ya huta amma agogo ba ya tsayawa, sannan a rubuta nisan da ya ci da lambar hakinsa kafin farawa da bayan gamawa. Idan bayan wata biyu ya ci nisa iri ɗaya amma hakin ya sauko daga 5 zuwa 3, an samu ci gaba. Idan hakin yana nan a 4 amma ya ƙara kimanin mita 30 ko fiye, nan ma ci gaba ne da ake ɗauka da muhimmanci. A gida ka zaɓi hanya ɗaya da lokaci ɗaya, ka riƙa rubutawa a littafi.

Maman Ilham:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma zuciyata ta yi rauni bayan haihuwata ta uku, ciwon da mata da yawa a ƙasar Hausa suke fama da shi, kuma na daɗe ina aiki da irin wannan takarda. Da farko bugun zuciya nake ƙirgawa, sai likita ya bayyana mini cewa ɗaya daga magungunan da nake sha, bisoprolol, yana rage saurin bugun, saboda haka zan iya gajiya tilis amma ƙirgen ya nuna kamar ban yi komai ba. Abin da ya fi taimaka mini shi ne gwajin magana. Idan ina tafiya ina iya hira da gajerun jimloli, ina kan daidai; idan kalma ɗaya ko biyu kawai nake iya fitarwa kafin in ja numfashi, na wuce gona da iri, sai in sassauta. Yadda ka kwatanta maganar Baba, a ganina ya fi kusa da 5 fiye da 1.

Sannan ka yi la'akari da cewa uba ba ya son kai kuka wurin ɗansa. Ka ba shi biro ya sa alama da kansa bayan ka ɗan matsa gefe, ko kuma Mama ta riƙa tambayarsa. A kuma raba tambayar gida biyu, ta numfashi daban, ta gajiyar ƙafafu daban, domin sau da yawa ƙafafuna ne suke tsayar da ni, ba ƙirji ba.

Dokta A. Usman:

Na yarda da bayanin Malam Bello, sai dai ina so in ja hankali kan na'urar yatsa, domin mutane suna dogara da ita fiye da kima. Abin da take aunawa shi ne yawan iskar oksijin a jini, ba wahalar da mutum yake sha wajen jan numfashi ba. Mai huhun da hanyoyin iskarsa suka ƙuntata yana iya samun 95 yana haki sosai, saboda iska tana maƙalewa a ƙirjinsa ba ta gama fita ba kafin ya sake ja, wani kuma yana iya sauka ƙasa da 90 bai ji komai ba. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye: wani bincike da aka wallafa a 2020 daga Jami'ar Mishigan ta Amurka ya gano cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan sau uku fiye da yadda take yi a fararen fata. Yatsa mai sanyi a lokacin hunturu da motsin hannu su ma suna ɓata karatun. Saboda haka 94 ɗin nan kada ta kwantar maka da hankali gaba ɗaya, kuma ka duba ta yana cikin tafiya ko kuma da zarar ya tsaya, ba bayan ya huta ba.

Akwai wani ma'auni mai matakai 0 zuwa 4 na Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya, wanda asalinsa daga nazarin masu haƙar kwal ne a yankin Wels. Ina ganin ya fi dacewa da dattijo irin Baba, domin ba ya tambayar yadda mutum yake ji, abin da mutum yake iya yi yake tambaya: shin sa'o'insa suna barinsa a baya a hanyar masallaci, shin yana tsayawa ya huta bayan kamar mita 100, shin sa riga ma yana sa shi haki? Ba ya maye gurbin na Borg a lokacin tattaki, amma yana nuna inda ciwon ya dosa daga wata zuwa wata.

Ko wace lamba ya faɗa, a dakata nan take idan ya ji ciwon ƙirji, jiri, gumi mai sanyi, ko bugun zuciya ya rikice. Idan kuma ya fara kasa kwanciya sai da matasan kai da yawa, ko ƙafafunsa suka kumbura, a koma asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba, domin tsohon ciwon huhu yakan taɓa zuciya.

Abu Safiyya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na yi masa bayani yadda Malam Bello ya ce, na auna daga ƙofar gida zuwa bakin layi, na ba shi biro na koma gefe. Ya sa alama a 5 wajen numfashi, a 2 wajen ƙafafu, na'urar kuma ta nuna 91 da tsayawarsa. Yau mun rage sauri ya sa 4. Zan tafi da littafin ranar Litinin in nuna a sashen gashin ƙashi, in kuma roƙi a yi masa gwajin minti 6 ɗin.