Abin da aka faɗa kan jitar PRS kafin a saya

Na tattaro shawarwarin da 'yan'uwa suka ba mai son sayen jitar lantarki ta PRS, kamfanin da Paul Reed Smith ya kafa a 1985 a jihar Maryland ta Amurka.

1. Kowa ya yarda a fara sanin rukuninsu. Cikin ukun da aka ambata, Core ita ce babba, a Maryland ake ƙera ta. S2 ma can ake yinta, amma an rage ado. SE kuwa a Asiya, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba.

2. Tsawon tsirkiyar yawancinsu inci 25 ne, tsakanin jitar kamfanin Gibson mai 24.75 da ta kamfanin Fender mai 25.5. Shi ya sa aka nace ka riƙe ta da hannunka, ka ji kaurin wuyanta, ka kaɗa ta a irin amfilifayar (na'urar ƙara sauti) da kake da ita. Ni ma nan na fi ba ƙarfi, don hoto ba ya nuna yadda wuya ke zama a tafin hannu.

3. Alamar 10-Top da PRS ke sa wa wasu jitoci kyawun zanen jikin katakon fuskar jitar kawai take nufi.

Inda aka rabu: wasu sun ce SE ta ishi mai kiɗan biki, wasu suka ce wanda ya taɓa Core ba zai koma ba. An kuma yi saɓani kan ta hannu. Masu goyon baya sun ce a nan ake samun sauƙi, sauran suna tsoron jabu, suka ce a tantance lambar shaidar da ke bayan kan jitar tukuna.