Shawara dan Allah: tsohon injin gem na Neo Geo da ruwa da gara suka ci, a gyara ko a haƙura?

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a, masu sanin kayan wuta ku taimaka min da shawara. Ana kwashe kaya a sitor ɗin kawuna ne aka fito da wani injin gem irin na tsaye ɗin nan da ake jefa wa tsaba a da, ja ne, an rubuta Neo Geo a goshinsa, yana cin kaset huɗu amma biyu na tarar a ciki, Metal Slug da King of Fighters 97. Kawu ya ce in ina so in ɗauka in ba haka ba 'yan jari bola za a kira. Matsalar sitor ɗin yana yoyo, ƙasan injin ya sha ruwa katakon ya kumbura har yana marmashewa in ka taɓa, gefe ɗaya gara ta shiga, ɓeraye sun ci wayoyi, ƙofar jefa kuɗin ta yi tsatsa, gilashin gaba kuma ya tsage. Tibin ciki dai ban ga ya fashe ba. Ban jona shi a wuta ba tukuna. Ya cancanci a kashe masa kuɗi ko in zare kaset ɗin kawai in bar musu sauran? Ba sayarwa zan yi ba, a gida nake son ajiye shi.

Injiniya_KD:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka jona, ko wani ya ce maka a ɗan gwada a gani kar ka yarda. Fara duba takardar da ke manne a baya ko kusa da taransifoma, irin jan nan yawanci na kasuwar Amurka ne wutar 110 yake sha, tamu kuma 230 ce, ga wayoyin da ɓera ya feƙe, kana jonawa ka ƙona abin da ya rage.

Kuma gsky tambayarka ba ta da amsa yanzu, don kai katako kake kallo, alhali katako shi ne abu mafi arha a jikin injin nan. Abin da zai yanke hukunci bod ne, wato allon lantarkin da ake soka kaset ɗin a jikinsa. Sunansa MVS, kamfanin SNK na Japan ya fito da shi a 1990, dabararsu ita ce mai shago ya sayi inji ɗaya ya riƙa canja kaset maimakon sayen sabon inji duk gem. Ciwonsu ɗaya sananne, akwai ɗan batir mai caji a jikin bod ɗin da ke riƙe agogo da lissafin kuɗin da aka jefa, in ya tsufa sai ya yi yoyo ruwansa ya bi siraran layukan tagulla ya cinye su. Zaro bod ɗin ka duba kewayen batir, in ka ga kore-kore ko wani farin gari to ya fara ci. A yanke batir ɗin nan take, a goge wurin da binega sannan a bi da sifirit a bar shi ya bushe sosai. In layi biyu uku ne suka katse mai gyaran waya mai hannu zai haɗa maka da siririyar waya, in kuwa ya shiga ƙarƙashin manyan ayisi ɗin (baƙaƙen cif ɗin nan masu ƙafafu da yawa) to aikin ya yi nisa. Gwajin ma a tebur za a yi shi da fawa saflai daban, 5V da 12V yake buƙata, a auna da mita kafin a ba shi.

Sai tibin. Kar ka sa hannu a bayansa dan girman Allah, wurin robar nan da ke manne a jikin tulun gilashin, wutar da ke zuwa can ta haura volt 20,000 in yana aiki, kuma yana iya riƙe caji bayan an kashe. Wannan aikin tsofaffin masu gyaran tibi mai doro ne.

Sarkin_Yaƙi01:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba wlh. Ka sa kafinta ya buga maka sabon akwati, ka sa filasma inci 24 da Pandora's Box, bod ne da ke zuwa da gem ɗaruruwa a ciki har da waɗannan biyun naka, ba zafi ba shan wuta ko a sola zai tashi. Wancan za ka yi ta zuba kuɗi ne yau kafasita gobe filaibak (taransifomar tibin) jibi kuma ka rasa mai gyara, masu gyaran irin tibin nan nawa suka rage ma, duk sun koma filasma da waya. Sayar da kaset ɗin ka ƙara a kuɗin.

Baban Ummi Kafinta:
Ɗana, ɓangaren katako zan yi magana don shi na sani. Ka kankare gefen da ya kumbura ka gani, in garin katako ne da aka matse da gam to ya mutu, wannan ba ya komawa ko ka shanya shi shekara, sukuru ma ba zai kama ba. In filawud ne mai falle-falle ana iya yanke ƙasan da ya ruɓe a dasa sabo. Amma tunda ka ambaci gara ni ba zan shigar da shi ɗaki ba sai an kwance shi gaba ɗaya an yi masa magani, don in ta samu silin da ƙofofinka asarar ta fi injin.

Kuma ko ya ruɓe kar ka bari a farfasa shi a yi girki. Gefen da ya fi lafiya shi ne ma'auninka, a kwantar da shi a kan sabon filawud a zana a yanke daidai, har ramukan sukuru. Ka ɗauki hoton komai kafin a kwance, ka adana duk wani ƙarfe, ƙofar kuɗi da farantin da sanduna da botin suke da makullai, tsatsa sanfefa da fenti ne maganinta. Waɗannan su ne ba za ka samu a Sabon Gari ba, katako kuwa ga shi nan jibge.

Bakatsine_a_Jamus:
Sarkin Yaƙi ban yarda da kai ba sam. Abin da ka faɗa zai yi gem, amma ba shi ba ne abin da bawan Allahn nan ya tambaya, shi yana da na asali a hannu. Gem ɗin nan an zana su ne don tibi mai doro mai 15kHz, a filasma hoton yakan fito da kaushi, kuma in ka bi ta ɗan bod ɗin canja sigina irin GBS-8200 akwai ɗan jinkiri tsakanin danna botin da motsi, wanda ya saba King of Fighters zai ji a hannunsa. SNK sun durƙushe a 2001, gem na ƙarshe a injin nan 2004 ya fito, ba a ƙera sabon bod, wanda duk aka ba 'yan gwangwan ya tafi kenan.

In tibin ciki ya mutu ma ba ƙarshen zance ba ne. Tsofaffin tibin da ake kawowa daga nan Turai da yawansu suna da wani faffaɗan soket da ake kira SCART a baya, shi kuma yana karɓar RGB, irin siginar hoton da bod ɗin ke fitarwa, kai tsaye, rasisto kaɗan za a sa a rage ƙarfin siginar. Abu ɗaya ka kula, bod mai kaset ɗaya tsarin jona waya na injinan gem da ake kira JAMMA yake bi mai ƙafa 56, naka mai huɗu bakin iri ɗaya ne amma wasu ƙafafun sun bambanta musamman wajen sauti, kar mai gyara ya sayo wayar JAMMA ya cusa kawai.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Baba, na kankare, garin katako ne kam, kenan akwatin sai dai ma'auni. Injiniya, na zaro bod, batir ɗin ya yi kore amma iya kewayensa ne kamar faɗin murfin kwalba, sauran ƙura ce da kashin ɓera. Wuyan tibin bai karye ba, sai dai akwai inuwar rubutu da ta zauna a fuskar gilashin.

Injiniya_KD:
To alhamdulillah wannan mai gyaruwa ne. Inuwar ƙunar gilashi ce ba ta fita, amma in gem yana tafiya da ƙyar za ka lura. Kar ka ba kafinta ko sisi sai bod ya nuna hoto a tebur, a goge bakin kaset ɗin da sifirit a gwada ramukan huɗu ɗaya bayan ɗaya don wani lokacin ɗaya ko biyu ne suke mutuwa. In ya tsaya a koren allo ko yana ƙas-ƙas yana sake tashi ka turo hoton gefen batir ɗin da kyau, gaba da baya, mu ga layin da ya katse.