Rautar Cisco ɗan tokumbo da jan waya zuwa sito, ku ba ni shawara kafin oga ya biya

Dan_Sharada ya rubuta:

Slm 'yan uwa, dan Allah masu harkar netwok a taimaka min. Ina aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa nan Kano, ni kaɗai ne mai kula da kwamfutoci, ma'aikatan da ke hawa intanet sun kai 60 in an haɗa da na sito da na sikeli. Duk shekarun nan da ƴar ƙaramar rautar gida muke lallaɓawa, da rana ta yi sai ta ɗau zafi ta sandare sai na je na zare na mayar. To yanzu oga ya amince za a jawo mana fayiba mai 200 Mbps, kuma wani mai kawo mana kaya ya zo da Cisco ISR 4331 na hannu yace daga banki aka cire shi lafiyarsa ƙalau, ramukansa duk gigabit ne wai 200 ɗin nan ko a jikinsa.

Tambayata biyu ce, na farko shin wannan ɗin zai ɗauke mu kuwa, me zan duba a jikinsa kafin a biya? Na biyu, sitonmu gini ne daban, na auna da taku na kuma auna da tef ya kai mita 140 daga ofis, akwai kyamara 6 da kwamfuta 4 a can, mai wayarin ɗinmu yace kawai a sayo kwalin wayar netwok ta Cat6 ya bi da shi ta saman katanga shikenan. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma ban da hujjar da zan ba oga. Ranar Alhamis ake so a biya kuɗin.

Injiniya_Bompai ya rubuta:

Wslm ƙanina, Allah ya taimake ka da ka tambaya kafin Alhamis ɗin. Mai kayan bai yi ƙarya ba da yace ramukan gigabit ne, guda 3 ne, ɗaya na waya, ɗaya na SFP (ramin da ake soka ɗan kan da ke karɓar fayiba), ɗaya kuma mai fuska biyu ka zaɓi waya ko SFP. Abin da bai faɗa maka ba, ko kuma shi ma bai sani ba, shi ne 4331 daga kamfani a ɗaure yake zuwa a 100 Mbps, sai an saka masa lasisin ƙarin gudu yake kai 300. Kuma wannan lissafin jimilla ne, abin da ke shiga da abin da ke fita duk a kwano ɗaya ake auna su, kaga kenan in babu lasisin nan oga zai riƙa biyan kuɗin 200 duk wata kuna shan ƙasa da rabi, kuma kai za a riƙa kira ana cewa netwok ba kyau. Duk gidan haka suke, 4321 daga 50 zuwa 100, 4351 daga 200 zuwa 400, 4431 daga 500 zuwa gigabit ɗaya.

Kar ka yarda da baki. Ka ce ya kawo shi ofis, ka zo da laftof ɗinka da wayar kwansol, wannan shuɗiyar mai faɗi, ko ta mini USB don shi yana da ramin duka biyun, ka buɗe manhajar PuTTY ka sa gudun a 9600, in ya gama tashi ka buga show platform hardware throughput level, take zai faɗa maka a nawa yake. In ka ga 100000, wato 100 Mbps, to ka san inda aka kwana. Sai ka buga show version ka ga RAM, asalinsa 4GB ne yana kai 16, ka ga kuma wane IOS XE (manhajar da ke tafiyar da shi) ne a kai, sannan show inventory ka kwafe lambar jikinsa.

Dalilin da yasa nace ka kwafe lambar, a 2017 Cisco da kansu suka sanar cewa wasu 4321 da 4331 da 4351 na farko-farko suna da matsalar wani ɗan abu mai ba da bugun agogo a allonsu, bayan kamar wata 18 yana aiki zai iya mutuwa, in ya mutu kuma ba ya sake tashi. To in tsohon zubi ne wanda ba a canza ba, jari ne ka binne. Sannan ka sani sun daina sayar da wannan jerin tun 2023, Catalyst 8200 da 8300 ne suka gaje su, ma'ana sayen lasisi sabo a kan na hannu ba abu ne mai sauƙi ba, kar wani yace maka "ai daga baya sai a ƙara". In da lasisin 300 a kansa, ba tsohon zubi ba ne, farashin kuma na mutunci ne, ɗauka, ƙarfe ne mai juriya. In babu, bar masa kayansa.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa, rautar nan ba suwic ba ce, ramuka 3 kawai gare ta, dole ka nemi suwic (akwatin da ke raba netwok ga na'urori) daban mai PoE, wato mai ba da wuta ta wayar netwok. Kuma ka auna akwatin da za ka saka ta, tsayinta 1U ne (layi ɗaya a akwatin) amma zurfinta ya kusa santimita 44, waɗannan ƙananan akwatunan bango masu zurfin milimita 450 ba za su rufu ba in ka soka wayar wuta a baya, nemi mai 600.

MaiWaya_Zariya ya rubuta:

Injiniya ya gama da rauta, bari ni na yi maganar waya don nan ne abincina. Malam kar ka bari a ja Cat6 ɗin nan zuwa sito, wlh ko kyauta ne. Iyakar wayar netwok ta jan ƙarfe mita 100 ce, shi ma a ƙa'ida 90 ne a cikin bango, 10 ɗin na gajerun wayoyin da ke kai da kai ne. A 140 wataƙila fitila ta kama ranar farko kowa ya yi murna, sai ka ga ta faɗo 100 ko ma 10 Mbps, kyamara na ɗaukewa tana dawowa, kuma zafi yana ƙara rage mata ƙarfi, balle wayar da ta kwanta a saman katanga rana na dukanta a watan Afrilu.

Amma ni ba nisan ne ma ya fi damuna ba, tsawa ce. Gini biyu daban, waya ta ƙarfe a tsakani a sarari, damina na zuwa ba sai aradu ta faɗo a kanku ba, ko kusa ta sauka wayar za ta kwaso ta kai wa suwic ɗin nan da na can. Na taɓa zuwa gyara a wata makaranta da aka yi musu irin wannan aikin, ruwan farko suwic biyu da na'urar ɗaukar kyamara suka tafi a dare ɗaya, ramukan har baƙi suka yi.

Fayiba za ka ja, gilashi ne ba ruwansa da wuta. A mita 140 kowanne zai yi, multimode OM3 yana kai gigabit 10 har mita 300, amma ni shawarata ka sa single mode OS2 kawai, shi ne ya fi samuwa a kasuwa saboda shi masu intanet ke ja, kuma duk mai injin ɗinke fayiba ya saba da shi. Ka sayi mai sulke na binnewa, mai zare 4 ko 6 ko da 2 za ka yi amfani da su, ragowar ajiya ce, a saka a fayif a binne, kar a rataya. Ɓeraye kuma ka san gidan shinkafa ne, duk inda waya ta fito fili abincinsu ce. Kowane ɓangare SFP na LX mai 1310 (wanda ya dace da single mode), bakinsa LC, iri ɗaya gaba da baya, kar a sa SX (na multimode) a nan LX a can ba za su ga juna ba. A sito ka sa ƙaramar suwic mai PoE da ramin SFP, kyamarori su ci wuta daga jikinta, PoE samfurin af yana ba da wat 15.4 a rami, samfurin at yana ba da 30, amma ka duba jimillar da suwic ɗin ke iya bayarwa gaba ɗaya ba na rami ɗaya ba.

Cikin ofis kuma Cat6 ya isa, yana ɗaukar gigabit har mita 100, gigabit 10 kuma wajen mita 55, ba sai ka kashe kuɗi a Cat6A ba. Inda ake cin mutane shi ne kwalin. Akwai wanda ake kira CCA, alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe, kwalin an rubuta Cat6 mita 305 da kyau, arha kamar me, to ka kankare zare ɗaya da reza in ka ga fari a ciki ka ajiye, ko ka kunna masa ashana zai lanƙwashe ya narke. Kwalinsa ma ba nauyi. Da PoE zafi yake yi, kuma yana karyewa a cikin kai bayan wata biyu ka rasa inda matsalar take. Sannan mai wayarin ya bi tsari ɗaya kai da kai, T568B, fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kar ya warware murɗin ya wuce milimita 13, kar kuma ya cusa ta fayif ɗaya da wayar NEPA. Mai wayarin wuta daban mai wayar netwok daban, ba raini ba ne.

abba_tik ya rubuta:

ni fa ban gane wahalar da kuke sha da cisco ba wlh, mutum 60 da 200 meg kawai?? dauki MikroTik RB5009 sabo a kwali, ramin gigabit 7, daya 2.5, daya SFP+, ba wani lasisin gudu, ko fanka babu balle ta sha kura. in oga nason babba a dauki CCR2004. kuma yaran da suka iya Winbox (manhajar saita MikroTik) sun fi yawa a garin nan, ranar da kayi tafiya wa zai taba cisco din

Injiniya_Bompai ya rubuta:

Abba ban ƙi taka ba, a wannan girman RB5009 zai yi aikin har da saura, ni kaina na saka shi a wurare. Sai dai in kamfanin na da reshe ko suna haɗa VPN da wasu da suka ce lallai sai Cisco, wannan daban. Kuma duk wanda ya sa MikroTik ya rufe Winbox daga waje ya sabunta RouterOS, a 2018 an yi wa dubbai ɓarna ta wannan ƙofar saboda an bar su a buɗe.

Hajiya_IT ta rubuta:

Duk kun yi magana ba wanda ya taɓo wuta, alhali ita ke kashe kaya a ƙasar nan ba lasisi ba. Ɗan'uwa 4331 gidan wutarsa ɗaya ne tal, in ya ƙone kun zauna, ba kamar 4431 da ke ɗaukar biyu ba. Ku kuma masana'anta ne, injinan casa na tashi wuta na rawa, ga canji daga NEPA zuwa janareta sau nawa a rana. Kar ka sa masa ƙaramin UPS ɗin kwamfutar tebur, ka nemi wanda ake kira online, shi kullum ta inbatar da ke cikinsa yake ba da wuta tsaftatacciya ko da me ya shigo masa, kVA 1 ko 2 ya ishi rauta da suwic da akwatin masu intanet. Sito ma a sa nasa. A kuma kafa sandar ƙasa ta gaske a ɗaure jikin akwatin da ita, akwai wurin ɗaure wayar ƙasa a jikin rautar ba ado ba ne, sulken fayibar nan ma ƙarfe ne shi ma a sauke shi ƙasa a bakin gini.

Sai zafi, takardarsa cewa ta yi daga 0 zuwa digiri 40, mu kuma a bazara inuwa ma tana haura 40, balle ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba taga. Mu a wajen aikinmu an taɓa kulle kayan a wani ɗan lungu bayan matattakala don kar a ji ƙarar fanka, hunturu ɗaya ƙura ta toshe shi yana ta ihu kamar jirgi zai tashi, sai da muka fasa bango aka sa esi. Ku da ƙaiƙayi ke tashi kullum sai ka ninka wannan, ka sa a ranka duk wata biyu za ka kashe ka bushe shi da abin hura iska.

Dan_Sharada ya rubuta:

Kai jama'a na gode sosai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Yau da safe na sa ya kawo, na jona kwansol kamar yadda Injiniya yace, 100000 ya nuna min ƙiri-ƙiri, mai kayan yace wai shi ma haka aka ba shi bai taɓa dubawa ba, zai tambayi wanda ya aiko masa ko akwai mai lasisi. Na nuna wa oga a allon laftof da idonsa, yace a dakata da biyan, maganar fayiba kuwa da na ambaci tsawa bai ko yi musu ba don bara ta ƙona masa talabijin a gida. Yanzu ina haɗa lissafin MikroTik ɗin da UPS biyu in kai masa.

Saura abu ɗaya MaiWaya, masu intanet sun zo duba wuri sun ce wayarsu mai koren kai ce, zare ɗaya, ni kuma SFP ɗin da na gani rami biyu ne ƙanana. Zan iya sayen wani abu in soka ta kai tsaye a rauta ko dole sai ta bi ta akwatinsu?

MaiWaya_Zariya ya rubuta:

Koren kai SC/APC ne, bakinsa a jirge aka goge shi, shuɗi kuma UPC ne a miƙe, kar ka kuskura ka haɗa kore da shuɗi za ka lalata fuskar gilashin duka biyun. Zare ɗaya da koren kai yawanci GPON ne, tsarin da masu intanet ke raba fayiba ɗaya ga masu saye da yawa, wannan SFP ɗin LX ba zai ji yarensa ba sam. Bar su su sa akwatinsu, kai ka karɓa da gajeriyar Cat6 zuwa rautarka, amma ka roƙe su su mayar da akwatin bridge, wato ya riƙa miƙa wa rautarka intanet kai tsaye, su ba ka bayanan shiga, in ba haka ba NAT biyu za ka kwana da shi, wato akwatinsu da rautarka kowanne na sauya adireshi, ranar da oga yace yana son kallon kyamarar sito a wayarsa daga gida za ka gane. Ka tambaye su kuma ko za su ba ka IP na dindindin, nawa ne a wata.