Injin wanke kwanuka ya ƙi zubar da ruwa, yau kuma ya yi min ambaliya a kicin

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu injin wanke kwanuka ku taimaka min kafin maigida ya dawo ranar Asabar. Injin nan ƙanwarsa ce ta bar mana da za ta koma Abuja wajen mijinta, injin ɗan Jamus ne na gwanjo, ita ma a Legas ta saya, ni da farko ma ban so karɓa ba saboda bakin dangi wai na zama baturiya, sai da aka zo aka tafi da yarinyar da take taya ni aiki za a yi mata aure, ga ciwon baya tun haihuwar Hanif ga yara huɗu ga surukata ta zo ganin likita wata na biyu kenan, shi ne na ce a haɗa min. Wata bakwai yana aiki lafiya lau. To tun Litinin in ya gama sai in tarar da ruwa kwance a cikinsa baƙiƙƙirin ga wari kamar kwata, yana rubuta E24. In kwashe da kofi in sake kunnawa. Yau da safe ina shirya yara makaranta sai ga Hanif a guje wai Mama ruwa, na zo na tarar kumfa har bakin ƙofar sito, katakon kabad ya sha ruwa ya fara kumbura. Yanzu E15 yake nunawa yana ta gurnani ko na danna kashewa ba ya dainawa. Ya zan yi?

Ummu Sultan: Subhanallahi, sannu. Ki fara zare shi daga soket ki rufe famfon da yake ba shi ruwa, kar yara su taka wurin.

Hajiya Turai: Maman Hanif kwantar da hankalinki, shekara 9 na yi a Ingila da irin wannan, babu abin da ban gani ba. E24 ɗin nan cewa yake ruwa ya kasa fita. E15 kuma ruwa ne ya zuba a farantin da yake can ƙarƙashi, akwai wani ɗan abu da yake tasowa in ruwa ya taɓa shi, shi yake sa injin ya yi ta zuƙa ba tsayawa, ba lalacewa ya yi ba. Ki zaro kwandon ƙasa, a tsakiya za ki ga matata zagayayyiya, ki murɗa hagu ki ɗago, wallahi za ki ga ikon Allah, shinkafa da ƙayar kifi da ƙwayar attaruhu. Ki wanke da tsohon burushin haƙori. Sai ki tsane ramin da soso, a gefe akwai ɗan murfin roba, ki ɗage da cokali, farfelar famfon da yake zuƙe ruwa waje tana nan, ki juya ta ki ji ko ta cije. A hankali fa, ni fasasshen gilashi na taɓa cirowa ya yanke min yatsa. Bayan nan ki samu mai taya ki ku jawo shi ku ɗan kishingiɗa shi ruwan ƙasan ya tsiyaye, ki bar shi kwana ɗaya ya bushe. Tsinken sakace ne a famfon, na tabbata.

Anti Larai: Ki tafasa ruwa ki zuba bilic ki sheƙa masa, haka nake wa sinkina in ya toshe.

Hajiya Turai: Larai kar ki sa ta kashe robobin ciki. Ba a zuba masa bilic.

Maman Iman: Ko me za ki yi dai kar ki bari mai gyara ya fita da wani abu daga gidanki. Injin wankina wani ya kwance allon wutarsa wai zai kai Sabon Gari a duba, tun kafin azumi, har yau sai na kira ya ce yana hanya, maigidan kuma ya ce ni na kawo shi ni zan nemo shi, kullum ina duƙe ina wanki da hannu kamar ba a taɓa sayen inji a gidan ba.

Baban Walid: Ni aikin famfo nake yi. Hajiya kin yi bayani amma kafin a taɓa inji a duba hanya. Abincinmu manja ne da kitse, da sanyin nan daskarewa suke a bututun sinki. Ki cire tiyon daga ƙarƙashin sinki ki sa a bokiti ki kunna. In ruwa ya fito da ƙarfi to injinki ƙalau yake. Kuma tiyon dole ya hau sama kusa da saman kabad sannan ya sauko, in yana kwance a ƙasa ruwan sinki dawo masa zai yi. Amma kumfar nan fa, wane sabulu kike sawa?

Maman Hanif: Ƙwayar sabulunsa ta ƙare ranar Laraba sai na ɗiga na wanke-wanke na ruwa, amma fa ɗan kaɗan ne bai kai cokali ba, kuma na taɓa yi sau biyu babu abin da ya faru. Kun san kuɗin ƙwayar nan yanzu kuwa? Matatar kuma ina wankewa, ni ba ƙazama ba ce, ina ma ɗauraye kwanukan kafin in jera.

Hajiya Turai: To ai ga ambaliyarki nan. Sabulun hannu kumfa yake yi, na inji ba ya yi, ko ɗigo ne sai ya cika shi ya yi aman ta ƙofa.

Maman Hanif: Hajiya ai tun Litinin ruwan yake tsayawa, lokacin ina da ƙwayar. Ranar Lahadi ma da aka canza min bututun ƙasan sinki mai famfon ya ga injin ya ce lafiyarsa lau.

Baban Walid: An canza bututu ranar Lahadi, Litinin ruwa ya ƙi fita, kuma sai yanzu kike faɗa? Sabon yana zuwa da bakin da ake cusa tiyon inji a toshe, sai an cire toshiyar ko an yanke. Da yawa suna mantawa. Ki kira shi ya duba.

Maman Hanif: A'a ba na jin shi ne, ɗan yayan maigida ne, shekara nawa yana wannan aikin. In na kira shi na ce ya yi kuskure magana ce za ta kai ga surukata kuma tana falo yanzu haka.

Hajiya Turai: Rabu da batun bututu, ki buɗe famfon nan kawai ki turo mana hoton abin da kika ciro.

Baban Walid: Bokiti ɗaya ne zai raba gardamar nan Hajiya.

Anti Larai: Ni dai hannuna bai taɓa rubuta min E24 ba.

Maman Hanif: Na ciro matatar, 'yar shinkafa ce kawai da bawon albasa, murfin gefen kuma ya ƙi ɗaguwa ina tsoron in karya. An ma ɗauke wuta yanzu ba damar gwada bokitin. Katakon kabad ɗin fa, in ya bushe zai koma daidai kafin Asabar?

Maman Iman: Ba ya komawa. Wai nawa ake sayar da na gwanjon yanzu?